Tafintan Kawu

Ranar Talata da hantsi Kawu ya cika, kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne babban da ya rage mana a ɗakinsu. Ina ofis a Abuja aka kira ni. Na iso Rikkos, unguwarmu a Jos, na tarar har an dawo daga maƙabarta, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Kowa da irin Kawun da ya zo yi wa ta'aziyya. Dattawan masallaci sun ce ba a taɓa jiran sa a sahu ba. Matan unguwa sun tuna yadda yake gyara musu rediyo yana mita cewa su ne suka ɓata ta. Maƙwabcinsa na shago a Gada Biyu, wani Ibo mai sayar da batir da muke kira Oga, ya rufe shagonsa ya zo ya zauna a gefen tabarma da hularsa a hannu, hawaye na bin fuskarsa.

"Shekara ashirin da biyu, ni da shi ba mu taɓa yin faɗa ba," in ji Oga. "Shi ne yana faɗa, ni ina yin shiru."

Umma ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta kama wanke kofuna, aka yi aka yi ta zauna ta ƙi.

Sai kuma wasu baƙi da ba wanda ya san su a dangi: wani ɗan acaɓa, wani mahauci, wata malamar firamare, wani saurayi da gicciye a wuya. In aka tambaye su daga ina, amsar ɗaya ce: "Ina cikin jerin Baba." Jerin masu ba da jini suke nufi. Kawu ya shafe shekaru yana tattara sunayen mutanen da suka yarda a kira su in wani majinyaci na buƙatar jini, ya zuba su a wata tsohuwar kwamfuta a shagonsa. Ma'aikatan ƙananan asibitoci sukan buɗe shafinsa a waya su ga wa za su kira.

Ranar sadakar uku wata ungozoma ta zo, 'yar Birom daga Anguwan Rukuba, wadda kowa ke ce wa Sista. Ta durƙusa ta gaida Inna, matar Kawu, ta yi mata gaisuwa, sannan ta rage murya.

"Mama, ki yi haƙuri, na san ba lokacinsa ba ne. Amma shafin Baba ya daina buɗewa tun ranar da aka kwantar da shi a asibiti. Shekaranjiya mun nemi jini, sai 'yan lambobin da ke cikin wayata na yi ta kira. Wa zai riƙe mana abin nan?"

Inna ta dubi Umma, Umma ta dube ni. Duk danginmu ni kaɗai ce aikina rubuta manhaja. Na ce musu ban da hanyar shiga. Shekara shida ke nan da Kawu ya rufe sunana a kwamfutar nan, kuma ba wanda ya san kalmar sirrinsa. Umma ta ce, "To, sai ki san yadda za ki yi." Ta koma wajen kofunanta.

Abin da ya sa nake wannan rubutu, na lura masu ta'aziyya sun san sallarsa, sun san faɗansa, sun san jerinsa, amma ba wanda ya san aikin da ya fi ji da shi. In ban rubuta ba, ya tafi da shi.

Kawu ma'aikacin gidan waya ne tun zamanin da ake hawa falwaya. Da ya yi ritaya ya buɗe shagon gyaran rediyo, daga baya kwamfuta. Yana da shekara hamsin da wani abu ya fara koyon rubuta manhaja, shi kaɗai, daga littattafan gwanjo da abin da yake kwafowa a intanet. Gajere ne, ba ya rabuwa da wata suwaita ruwan toka ko da rani ne, don ya ce sanyin Jos ba shi da alƙawari. Shayinsa ba madara. Ba ya cewa abu ya lalace, sai ya ce "ba a tambaye shi daidai ba". In ka kawo masa kwamfuta ka ce ta mutu, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Kai ne likitan da ya tabbatar?"

Bai taɓa faɗin dalilin fara jerin ba. Umma ce ta gaya mini cewa matarsa ta farko a wajen haihuwa ta rasu, jini ya ƙare mata ana neman mai bayarwa. Ya fara da littafi da biro. Bayan rikice-rikicen da suka sa mutanen wata unguwa suka daina shiga wata, ya ga littafi ba zai wadatar ba, sai ya mayar da shi shafin intanet.

Ni sunan kakata aka sa mini, mahaifiyarsu, don haka Uwata yake kira na. Da na gama sakandare ina zaman jiran jami'a, ya ce wa Umma, "Ba ni aron uwata, zaman gida ba sana'a ba ce." A shagon nan na fara sanin yadda kwamfuta ke roƙon 'yar'uwarta abu.

Ga yadda ya koya mini. Kwamfutar da ke ajiye da bayani, wadda masu sana'armu ke kira saba, tana da tsarinta na yin aike. Za ka buɗe aiken, ka rubuta abin da kake nema, ka sanar cewa ka gama, sannan ka kasa kunne. Amsa ba ta zuwa gaba ɗaya. Guntu-guntu take zuwa, kowane guntu ya iso sai ka karɓe shi ka yi aiki da shi, har a ce maka shi ke nan. Ita kuwa burauza, wato abin da mutum ke buɗe shafi da shi a waya, nata tsarin daban ne, kalmominta daban. Kawu yana da abu biyu masu tambayar jerin: wata manhaja a shago mai tura wa masu ba da jini saƙon tes, da kuma shafin da su Sista ke buɗewa. Bisa al'ada sai a rubuta tambayar sau biyu, ɗaya da yaren saba, ɗaya da yaren burauza.

Kawu ya ce shi ba zai yi ba. "In na rubuta abu ɗaya sau biyu, ranar da na gyara ɗaya zan manta ɗayan. Na san kaina."

Sai ya zauna ya rubuta wani ɗan abu, bai fi shafi huɗu ba in an buga a takarda, ya sa shi a tsakani. Kana yi masa magana da yaren saba, shi kuma ya juya wa burauza da nata. Ya sa masa suna tafinta. Da shi, rubutu ɗaya ke aiki a wuri biyu. Akwai abubuwan da burauza ba ta yarda da su ko an roƙe ta, misali ba ta karɓo amsa daga wata sabar da ba ta ba da izini ba. A irin wannan wuri tafinta ba ya rufa-rufa, yakan fito fili ya ce an hana. Kawu ya ce tafintan da ke gyara magana don a ji daɗi, gara babu shi.

Ranar da na rubuta aikena na farko, na danna, ba abin da ya faru. Na jira. Na sake dannawa. Na ce, "Kawu, yau babu sabis." Ya leƙo ya dubi abin da na rubuta, ya fita. Ya je ya sayo masa, ya tsaya hira da Oga, ya dawo ya zauna ya ci abinsa. Ni ina nan ina zagin kamfanin waya. Sai da ya wanke hannu ya ce, "Uwata, kin gaya masa kin gama?"

Ashe layin ƙarshe na manta, wanda ke sanar cewa aike ya kammala. Kwamfutar tana tsaye tana jira na in ƙarasa magana, ni kuma ina jiran ta ta amsa. Na ce, "Haba Kawu, ka gani tun ɗazu ka bar ni?" Ya ce, "Da na faɗa miki, gobe za ki sake." Ban sake ba kuwa, har yau.

Ba a kwamfuta kaɗai aikin ya tsaya ba. In mai ba da jini ɗan Rikkos ne, asibitin kuma yana ɓangaren Anguwan Rukuba, ko akasin haka, sau da yawa mutum yakan ce yana son bayarwa amma yana tsoron zuwa. Kawu sai ya rufe shago, ya tare keke napep, ya je ya ɗauko shi da kansa, ya zauna a benci har a gama, ya saya masa lemo, ya mayar da shi ƙofar gidansa. Oga ne ke tsare masa shago a irin wannan rana, yana gunaguni.

Na taɓa ganin wani mutum ya zo shago da manyan kaya, matarsa ce aka ƙara wa jini ta warke. Bayan godiya sai ya ce yana so ya san jinin wa aka sa mata, namu ne ko nasu. Kawu ya juyo masa da fuskar kwamfutar.

"Alhaji, duba da kanka. Suna, lambar waya, rukunin jini, unguwa, ranar da ya bayar na ƙarshe. Babu gurbin abin da kake tambaya."

"To a ƙara mana. Wasu za su so su sani."

"Ranar da matarka ke kwance ka tambaya?"

Mutumin ya tashi ya fita ba sallama. Kawu ya ci gaba da ɗaure wayar da yake ɗaurewa. Ban ji ya sake ta da zancen ba.

Yanzu sai rigimarmu. Zan faɗe ta yadda ta faru, ba zan gyara wa kaina ba.

Na gama jami'a, na sami aiki a Abuja, na fara jin kaina. A lokacin burauzoji sun zo da sabuwar hanyar yin aike, gajera, mai tsabta, kowa a ofishinmu ita yake yayi. Na zo hutun Sallah na buɗe rubutun Kawu, sai na ga tafintan nan kamar tsohuwar akwatin ƙarfe a tsakiyar falo. Kawu ya tafi bikin suna a Bukuru. Ina da sunana da kalmar sirrina a kwamfutar, shi ya ba ni da hannunsa. Na zauna yini guda na cire tafinta daga shafin, na sake rubuta shi da sabuwar hanya. Na gwada a shago ya buɗe kamar walƙiya. Ban gaya masa ba, wai ina so ya gani ya yi mamaki.

Abin da ban kula da shi ba: nawa rubutun yana jiran amsa ta iso duka kafin ya nuna komai. Na Kawu kuwa, sunan farko na isowa yake bayyana, na biyu ya biyo, ko sabis na rarrafe.

Kwana huɗu bayan haka aka yi ruwa mai ƙarfi da rana. Wata mata ta haihu a asibitin su Sista, jini ya ɓalle mata, kuma rukuninta mai wuyar samu ne. Sista ta fita baranda inda sabis ya fi kamawa, ta buɗe shafi. Fari fat, sai wani ɗan zobe yana juyawa. Ta rufe ta sake buɗewa, haka. Da bakinta ta ba ni labarin daga baya, ta ce ta tsaya tana kallon zoben nan tana jin muryar mijin matar a bayanta. Da ta ga ba ci gaba ta kira Kawu. Yana cikin keke a hanya, ya karanto mata lamba huɗu da ka. Na uku ya ɗauka, mahaucin nan ne da ya zo ta'aziyya. Matar ta rayu.

Washegari Kawu ya aika a kira ni. Na tarar har ya mayar da tafintansa.

"Injiniya, zauna," ya ce. Bai taɓa kira na haka ba.

Na zauna.

"Wa ya ce ki cire?"

"Kawu, abin nan ya tsufa. Ba wanda ke rubuta haka yanzu. Burauza ba saba ba ce, don me za a tilasta mata yaren da ba nata ba?"

"Ban tambaye ki abin da ake yayi ba. A ina kika gwada?"

"A nan."

"A nan. Kusa da na'ura, sabis cike. Kin taɓa tsayawa a barandar asibitin nan ana ruwa?"

Na ce ai sabuwar hanyar ma tana iya kawo amsa guntu-guntu in an so.

"To me ya hana ki so?"

Da na yi shiru a nan, da magana ta mutu. Amma kunya ta kama ni, ni kuma in kunya ta kama ni faɗa nake yi. Na ce, "Kawu, kai dai ba ka son a taɓa abinka ne. Gyaran waya ka koya. Wannan kuwa karatunsa na yi."

Ya cire tabaransa ya goge da bakin suwaita. Ya ce, "Haka ne." Aka kira la'asar, ya ɗauki buta ya fita.

Da yamma a gidan Umma na gwada shiga kwamfutar daga wayata. Ta ce ba ta san ni ba. Na gwada sau ɗaya tak. Da safe na hau mota na koma Abuja.

Ba gaba muka yi ba, kada wani ya ɗauka haka. Duk Sallah ina zuwa in durƙusa in gaishe shi. Yakan ce, "Uwata, ya aiki?" in ce lafiya lau. Ya tambayi hanya, ya tambayi tsadar haya a Abuja, ya sa Inna ta zubo mini dankali in tafi da shi. Zancen kwamfuta ne dai ba ya shiga tsakaninmu, shagon kuma ban sake taka shi ba. Umma ta yi mini magana sau biyu, na ce shi ya rufe, shi zai buɗe. Ta ce, "Ku biyun nan kanku ɗaya, kamar dutse." Ina jin haushin abin, ina kuma jin kunyarsa, kuma kullum ina cewa sai wata Sallar. Da aka kwantar da shi na kira a waya, muryarsa ta yi ƙasa, ya ce jiki da sauƙi, kada in bar aiki in taho. Na ji maganarsa ban taho ba.

Kwana biyu bayan zuwan Sista, Inna ta ba ni makullin shago, ta ce za ta raka ni. Muka hau keke zuwa Gada Biyu da hantsi. Oga na ganin mu ya taso ya taya ni ɗaga ƙofar.

"Batir ɗinsa ne ya ƙare," ya ce. "Na kawo sabo, amma ban san abin da zan danna ba. Kai ne ka sani."

Ya haɗa batir, kwamfutar ta tashi ta tsaya tana neman suna da kalmar sirri. Sai an shiga an tayar da manhajar da hannu shafin zai dawo. Inna ta zauna a kujerar baƙi kusa da ƙofa da carbinta. Na gwada sunan Kawu da duk abin da na zata zai iya sa wa: sunan Inna, sunan kakata, sunan garinsu. Babu. Na duba aljihun tebur, na duba bayan kalanda, na duba littattafansa. Kawu ba mutumin da zai rubuta kalmar sirri a takarda ba ne, na sani, don dai in ce na duba ne.

Dabarar da ta rage ita ce in kwance kwamfutar in ciro ma'ajiyarta in haɗa da tawa. Aikin yini ne, kuma tsohuwa ce, ana iya rasa komai. Na ɗauko sukundireba na ajiye a tebur. Kafin in kashe ta, ban san abin da ya sa ba, na rubuta sunana da tsohuwar kalmar sirrina.

Ta buɗe.

Na tayar da manhajar tukuna, don shi ne abin da ya kawo ni. Na ciro wayata na buɗe shafin, sunaye suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya. Na tura wa Sista saƙo cewa ya dawo. Sannan na shiga inda kwamfuta ke ajiye tarihin wanda aka rufe da wanda aka buɗe.

Ranar rigimarmu ya rufe sunana, gaskiya ne. Kwana uku bayan haka ya buɗe. Kuma ashe ya tsara kwamfutar yadda duk sunan da ya shekara sai ya rufe da kansa in ba a sabunta shi ba. Sunaye biyu ne kawai a ciki, nasa da nawa. Kowace shekara ya sabunta nawa da hannunsa, sau shida. Na ƙarshen, sati biyu kafin a kwantar da shi. A gefe kuma akwai layin da ke nuna ranar da na shiga na ƙarshe, ranar da na cire masa tafinta.

Na daɗe ina kallon layukan nan. Inna ta ɗago kai.

"Ya buɗe?"

Na ce, "Ya buɗe, Inna. Dama a buɗe yake."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa jinin da ya yi wa hanya ya zame masa shaida. Ni kuma Ya yafe mini shekara shida.